Wace sensa za ta jure zahin injin ban ruwa?

Nasiru Wurno:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nika nema ga masana. Ina son in haɗa wani ɗan abu da Arduino Nano, ɗan allon kwamfuta da aka rubuta ma kod, wanda za shi riƙa diba zahin injin ban ruwa na Baba da ke hwadama, in zahi ya wuce wuri shi yi ƙara ko ma shi kashe injin da kai nai. Injin irin ƙaramin nan na mai fetur, kwafin Honda GX160 mai inci ukku, bai da lagireto, iska ɗai ka sanyaya shi. Yaran da ka ban ruwa sai su tada shi su tahi can ƙarshen gona, shi yi ta aiki tun hantsi har la'asar ba mai leƙawa. Cikin kayan da nike da su akwai sensa ukku na auna zahi, DHT11 da LM35 da DS18B20 mai bakin ƙarhe wadda ruwa bai shiga. Wace ta dace cikinsu, kuma ina za ni manna ta?

Ɗan Illela:
Wa alaikumus salam. DHT11 kuma? hhh malam wagga digiri 50 ta ƙarshenta. Sakkwato watan Afrilu cikin inuwa ma muna wuce 40, ka aje ta bisa ƙarhe cikin rana ai ta gama aiki tun ba a ja igiyar injin ba

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam Nasiru. Kafin maganar wace sensa, wane wuri kake son aunawa? Domin injin ba zafi ɗaya gare shi ba. Baƙin mai da ke ƙasa zafinsa daban, kan silinda daban, bakin salansa kuma wata duniya ce, can ana maganar digiri ɗari biyar zuwa sama. Wurin shi zai zaɓa maka sensa.
Cikin ukun da ka lissafa, DS18B20 iyakarta 125. LM35 takardarta ta ce 150 amma ka duba rubutun jikinta da kyau, wadda ake sakawa cikin kayan koyo yawanci LM35DZ ce, ita kuwa daga 0 zuwa 100 kawai aka yi ta. Kan silindar injin da iska ke sanyayawa, kusa da fulogi, yana wuce 150 cikin aikinsa na lafiya lau, ba ma sai ya samu matsala ba. To ka ga duk ukun ba wadda za ta zauna a can.

Nasiru Wurno:
To Injiniya in na ɗaure DS18B20 ɗin can nesa kaɗan, jikin injin ta ƙasa inda zahin bai kai haka ba hwa?

Injiniya Bello:
Za ta rayu, amma labarin zai riƙa iso mata a makare. Lokacin da ƙasan injin zai nuna maka akwai matsala, sama ta riga ta sha wuya. Kuma wayarta roba ce, in ta taɓa inda bai kamata ba ta narke.

Oga Sani Buzaye:
Ku yaran zamani komi sai kun sa mai kwamfuta. Nasiru ɗana, injin ga ba zahin rana ka kashe shi ba, ƙazanta ta da rowar baƙin mai. Duk wanda anka kawo man nan gareji ya buga, in na kwance murhin hwanka sai in ishe tsakanin haƙarƙarin silinda cike da laka da ciyawa da ƙura ta haɗu da mai ta yi kamar kwalta, wani har zanzaro ya yi gida ciki. Iska ta ina za ta bi? Ga baƙin mai, abin da injin ga ka sha bai kai lita guda ba, kwata biyu da ɗan ɗori na, amma sai mutum shi yi rani guda bai canza ba. Ka wanke haƙarƙari, ka canza mai, ka yi mai rumhwa, ka huta da sayen waya.

Ɗan Illela:
Oga ya zo da wa'azi 😂

Nasiru Wurno:
Gaskiya ta Kawu, Allah shi ƙara girma. Amma ni ina Sakkwato makaranta, Baba ko ƙahwa ta hana shi zuwa hwadama kullum, yaran nan ko ka hwaɗa musu sau goma ba su dibawa. Abin ga shi za shi zama idonmu can.

Murtala Mabera:
Ni fa ban ga dalilin wahala ba. Ka je Buzaye wurin masu kayan gwanjo ka sayi sensar ruwa ta mota, irin mai ƙafa biyu da ke gaya wa kwamfutar mota zafin lagireto. An yi ta ne don injin, ba ta tsoron jijjiga ba ta tsoron mai, jikinta tagulla. Cikinta tamista ce, in zafi ya ƙaru juriyarta ta ragu, irin ta Bosch wajen om 2,500 take a digiri 20, in an kai 80 ta sauko wajen 300. Ka haɗa ta da razisto ɗaya ka kai ƙafar A0 ta Arduino shi ke nan, ba wani modul, wato ƙarin ɗan allo, jiran kaya daga Legas. Ka ɗaura ta a mazubar baƙin mai ta riƙa auna mai kai tsaye.

Injiniya Bello:
Murtala sensar nan mai kyau ce ba musu, amma ita ma wajen 130 ta tsaya, don ruwan lagireto aka yi ta. A baƙin mai za ta yi aiki in zaren ya dace ko aka yi mata adafta. Matsalata da ita biyu. Na farko kowace mota da nata lissafin, in ka sayo gwanjo ba ka san ta wace mota ba ce sai ka zauna da tukunyar ruwa da ma'auni kana rubuta juriyarta mataki mataki kafin ka samu lissafin da za ka saka cikin kod. Na biyu kuma shi ne babba, abin da Oga Sani ya faɗa. In laka ta toshe hanyar iska, kan silinda ne ke fara ɗaukar wuta cikin 'yan mintuna, baƙin mai sai daga baya yake biyowa a hankali.

Murtala Mabera:
To ai in mai ya yi zafi shi ne ke tsinkewa injin ya buga. Ni a ganina mai ne ran injin, shi ya kamata a sa wa ido.

Oga Sani Buzaye:
Murtala in mai ya ƙare hwa? Sensarka tana rataye cikin iska tana ce maka lahiya lau. Haka motoci ka yi muna nan, tiyon lagireto shi hwashe ruwa shi zube duka, allura ta ɗan hau ta komo ƙasa don ba ruwan da za shi taɓa ta, direba shina ta gudu hanyar Gusau shina jin daɗi har gasket shi ƙone. Ƙarhe aka aunawa, shi ba ya zubewa.

Murtala Mabera:
Wannan kam haka ne Oga. Amma GX160 ai yana da abin kashe kansa in mai ya yi ƙasa.

Oga Sani Buzaye:
Na asali yana da. Kwafin ma da yawa suna da. Je ka diba nawa ne ba a cire ma wayar ba. Da injin ya hwara mutuwa don an aje shi a karkace bakin rijiya, sai yaro shi tsinke 'yar wayag ga shi ce ta cika damu. Nasiru ka hwara diba naku ko tana nan.

Hadiza Arkilla:
Salam. Na shigo a makare amma na karanta daga sama. Nasiru abin da kake nema sunansa tamokapul nau'in K, kuma ka nemi mai zobe a baki, wanda ake sakawa ƙarƙashin fulogi kamar wosha. Fulogin GX160 zarensa milimita 14 ne, to zobe mai 14 za ka ce a ba ka, kar a haɗa ka da mai 10 ko 12 na babur. Shi ba wani abin lantarki a bakinsa da zai ƙone, wayoyi biyu ne na ƙarfe daban daban aka haɗe bakinsu, ɗaya nikel da kuromiyam ɗaya nikel da alminiyam. In bakin ya fi ɗaya ƙarshen zafi sai 'yar wuta ta fito tsakaninsu, wani Bajamushe Thomas Seebeck ya gano haka tun 1821. Nau'in K yana kai wa sama da digiri 1,000, to 200 ko 250 na kan silinda wasa ne a wurinsa. Abin lura shi ne rigar wayar, ka sayi mai rigar zaren gilas da saƙar ƙarfe a sama, ba mai roba ba.

Nasiru Wurno:
Na gode Anti Hadiza. To shi kai tsaye za ni kai shi A0 kamar LM35?

Hadiza Arkilla:
A'a, ba zai yiwu ba. Wutar da yake bayarwa wajen maikurobolt 41 ce a kowane digiri. Yi lissafi, in bakin yana 200 akwatinka yana 40, abin da zai fito milibolt 6 da rabi ne kacal. Shi kuwa Nano bolt 5 yake rabawa gida 1,024, kowane mataki kusan milibolt 5. Ka ga duk zafin nan mataki ɗaya da ɗan kai zai motsa. Dole sai da modul a tsakani. Mai sauƙin samu shi ne MAX6675, yana karanta 0 zuwa 1,024 da ratar kwatan digiri, waya uku zuwa Arduino bayan wuta da as, wato wayar negatib (GND). Kuma shi ke auna zafin inda wayar ta ƙare ya haɗa cikin lissafi, saboda tamokapul bambanci kawai ya sani tsakanin bakinsa da gindinsa.

Ɗan Illela:
Ance MAX6675 bai karanta ƙasa da sihiri

Hadiza Arkilla:
Ranar da ƙanƙara ta kwanta a fadamar Wurno sai mu sake shawara.

Injiniya Bello:
Na yarda da Malama Hadiza kan tamokapul. Amma bari in kawo PT100 don a yi adalci, saboda wani zai karanta ya ce mun manta da ita. Ita platinam ce, om 100 a digiri 0, 138.5 a digiri 100, tana tafiya kusan a miƙe kuma ta fi tamokapul daidaito nesa ba kusa ba. Da modul MAX31865 ake karanta ta. A masana'anta inda rabin digiri ke da muhimmanci ita ake sakawa. A nan kuwa ba ma neman rabin digiri, muna neman mu san ko yau injin ya fi jiya zafi da 20 ko 30. Ga tsada, ga jijjiga tana karya siririn abin da ke cikin masu araha, kuma om ɗaya na doguwar waya yana ƙara maka fiye da digiri biyu da rabi in ba mai waya uku ka saya ba. Mai zoben fulogi ma da wuya ka same ta.
Inda nake da ja shi ne modul. Ni da MAX31855 zan ce, shi ya gaji MAX6675, yana gaya maka in waya ta tsinke ko ta taɓa as ko ta taɓa wuta.

Hadiza Arkilla:
Injiniya a nan kam ban bi ka ba. Zoben nan fa tagulla ne a matse jikin injin, kuma yawancinsu bakin tamokapul ɗin a haɗe yake da zoben. MAX31855 ba ya son bakin da ya taɓa as, da zarar as ɗin allon ya haɗu da jikin injin ta kowace hanya sai ya ce waya ta yi shot ya ƙi ba da lamba. Ga shi bolt 3.3 yake ci, Nano kuwa 5, in modul ɗin ba ya da abin rage wuta sai an ƙara kaya. MAX6675 dama ƙafarsa ta negatib a as take, yana cin bolt 5, kuma shi ma yana sanar da tsinkewar waya. Ga mai farawa shi ya fi kwanciyar hankali.

Injiniya Bello:
In akwatin da batirinsa yake ci, ba abin da ya haɗa shi da injin sai tamokapul, 31855 ma zai yi aiki. Amma na ji hujjarki, don ranar da wani ya ɗaure akwatin da waya jikin firam magana ta lalace. To Nasiru ka riƙe wannan ko wane ka saya: wuri ɗaya tak kayanka za su taɓa ƙarfen injin, wato zoben. Kar ka ƙara jan wata wayar as daga Arduino zuwa jikin injin don neman ƙarin kyau. In ka yi hanya biyu, wutar da ke yawo jikin injin za ta bi ta cikin tamokapul, kuma abin da muke aunawa milibolt ne, kaɗan ya isa ya ɓata shi.

Abdul Gidan Dare:
Afuwan na katse ku. Ni janareton dizal ne babba a wurin aikinmu, ana so a riƙa ganin zafin hayaƙi. Wannan mai zoben zai yi?

Injiniya Bello:
Nau'in K ɗin dai, amma ba mai zobe ba, mai sanda da rigar bakin ƙarfe mara tsatsa. Ana huda bututun hayaƙi kusa da inda ya fito daga injin a ɗaura shi bakin ya kai tsakiyar bututu. Dizal in ya ɗauki kaya sosai hayaƙinsa na kai 500 zuwa 600 da wani abu. In injin mai tabo (turbo) ne a kwance bututun kafin a huda, kar garin ƙarfe ya shiga ciki. Ka buɗe sabon zance mu yi shi daban don kar na Nasiru ya ɓace.

Ɗan Illela:
Ni hwa har yanzu ban gane ba, mi za shi hana a sayi 'yar bindigag ga ta auna zahi daga nesa irin ta lokacin korona, ko sensarta MLX90614 a kahe ta tana kallon injin? ba taɓawa ba narkewa

Hadiza Arkilla:
Ta korona iyakarta zafin jikin mutum. MLX90614 tana kai wa 380, amma ido gare ta, kuma ka san ƙurar hunturu a garin nan, kwana kaɗan idon ya rufe. Sannan alminiyam mai sheƙi yana yaudararta ta karanta ƙasa da gaskiya sosai. Bindigar masu gyara tana da amfani in kana tsaye kana gwadawa da hannu, ba a bar ta a gona ba.

Nasiru Wurno:
To na tsaya ga K mai zobe 14 da MAX6675. Wayar da ka zowa da shi mita guda ta ko biyu, in ƙara da wayar wuta ta gida in liƙe da dalma?

Hadiza Arkilla:
Kar ka ƙara. Duk inda ka haɗa wayar tamokapul da jan ƙarfe ka ƙirƙiri sabon mahaɗi, kuma modul zai ɗauka zafin wurin daidai yake da nasa. In mahaɗin yana kusa da injin yana 70, modul yana inuwa yana 40, lambarka ta ragu da digiri 30 ba ka sani ba, kuma ƙasa ita ce mugun ɓangare don injin na ƙonewa kai kana ganin da saura. Ka sayi mai tsawon da kake so tun farko, ko ka nemi wayar ƙari ta nau'in K. Dalma ma ba ta kama wayoyin nan da daɗi, kuma ta gama-gari tana narkewa wajen 183 zuwa 190, kusa da fulogi ba wurinta ba ne.
Wajen ɗaurawa a modul, launin waya ba abin dogaro ba ne, na Amurka ja shi ne negatib, na China da yawa ja shi ne fozitib. Ka sa maganaɗisu, wadda ya ɗan ja ita ce negatib. Ko ka ɗaura ka kara ashana a bakin, in lamba ta sauka maimakon ta hau ka juya su.

Injiniya Bello:
Sai babban abokin gaba, wutar fulogi. Dubban bolt ne ke bi ta wayar nan kuma zobenka yana gindinta. Za ka ga a tebur komai lafiya, da an tada injin lamba ta fara tsalle 180, 400, 0, wani lokaci Nano ya sake tashi da kansa ko sikirin ya cika da shirme. Abin da ke taimakawa, ka duba fulogin. Kwafin nan yawanci da F7TC suke zuwa, ba razisto a cikinsa. Ka canza zuwa F7RTC ko NGK BPR6ES, harafin R ɗin nan shi ne razisto kuma yana rage hayaniyar sosai. Wayar tamokapul kar ta kwanta jere da wayar fulogi, ta bar wurin ta wani ɓangare. Ka sa ƙaramar kafasito nanofarad 10 tsakanin ƙafafun tamokapul a bakin modul, da wata 100 a wutar modul ɗin. Wayoyin da ke tsakanin modul da Nano su zama gajeru, duk cikin akwati ɗaya.

Hadiza Arkilla:
A kod kuma kar ka riƙa tambayarsa ba hutu. MAX6675 yana ɗaukar wajen milisakan 220 kafin ya gama awo ɗaya, in ka katse shi sai ya koma farko, sai ka ga lamba ta tsaya cak ka ɗauka ya lalace. Ka ba shi 250 ko ma rabin sakan. Kuma kar awo ɗaya ya kashe injin. Ka ɗauki biyar ka jera ka zaɓi na tsakiya, sannan sai zafi ya zauna sama da iyaka na sakan goma ko fiye kafin a yi hukunci. In ba haka ba tartsatsi ɗaya zai riƙa kashe wa Baba injin, yaran kuma su cire abin su jefar.

Murtala Mabera:
Kun ga abin da nake faɗa, fulogi sabo, kafasito, modul, kod mai tace lamba. Tawa razisto ɗaya ce 😄

Oga Sani Buzaye:
Taka ta ga lahiya lau cikin iska ba. Nasiru saurara, wurin ɗaura zoben ga. Ka cire woshar da taz zo da fulogi, zoben shi za shi zama wosha, in ka bar su biyu fulogi bai shiga daidai. Injin shi huce tukuna, kan silinda alminiyam na, zare nai bai da wuyar cinyewa. Ka hwara da hannu sannan sifana, kuma ka riƙe wutsiyar zoben da yatsa kada ta bi fulogi tana juyawa ta murɗe waya. Ramin fulogin GX matsattse na, sai ka ɗan lanƙwasa wutsiyar sama. In ka ga baƙin hayaƙi gewayen zoben bayan aiki to shina hurawa, a ƙara matsewa kaɗan.

Nasiru Wurno:
Allah shi saka Kawu. To lamba nawa za ni sa a matsayin iyaka? 200?

Injiniya Bello:
Kar ka ɗauki lamba daga bakin kowa, har ni. Kwafi da kwafi sun bambanta, zobe da zobe ma haka. Ka fara gwada sensar a ruwan ƙanƙara ta nuna kusa da 0, a tafasasshen ruwa ta nuna wajen 99, don Sakkwato ta ɗan ɗara teku tsawo ba za ka ga 100 cif ba. Sannan a yi abin da Oga ya ce, a wanke haƙarƙari a zuba sabon mai, a tada injin da azahar yana jan ruwa sosai, ka zauna da littafi kana rubutawa duk minti biyar har lamba ta daina hawa. Wannan ita ce lafiyarsa. Ka ɗora 20 a kai jiniya ta yi kuka, ka ɗora 35 ko 40 ya kashe. In ka ga lafiyar tasa ma tana neman 230 zuwa sama to akwai abin da ke damunsa tun yanzu, alminiyam tun daga wajen 200 yake fara rage ƙarfi duk da sai 660 yake narkewa. Kuma in ya mutu kana iya ganin lamba ta ɗan ƙara hawa kafin ta sauka saboda fanka ta tsaya, ba matsala ba ce.
Kashewa kuwa da sauƙi. Makunnin injin ba abin da yake yi illa haɗa wayar kwayil da jikin injin. Ka sa rile, wato makunnin da Arduino zai iya dannawa da wuta, ya yi wannan aikin, ƙafa ɗaya wayar makunni ɗaya jikin injin, ya riƙe na 'yan sakanni har ya tsaya. Bakin rile a ware yake da ɓangaren Arduino, to dokar wuri ɗaya ba ta karye ba. Kar dai ka kai wayar kwayil ƙafar Nano ko ƙaramin tiransisto, akwai ɗaruruwan bolt a kanta.

Oga Sani Buzaye:
Akwai abu guda da duk ba ku hwaɗi ba, ku masu boko. Rani in ya yi nisa ruwan rijiyar hwadama shina sauka, famfo shi ja iska. Sa'ad da hakan ta hwaru injin ba zahi shika yi ba, sauƙi ma shika samu don ba kaya bisa kai nai, zobenku shina nuna komi daidai. Amma sil na famfo, wanda ka hana ruwa yoyo, ruwa ka sanyaya shi, in ba ruwa shi ƙone, ɗan ruwan da yar rage ciki shi yi ta juyawa har gangar famfon ta yi zahin da ba ka iya aza hannu. Wanga shi aka kawo muna kullum watan ukku da na huɗu, ya hi bugun injin yawa.

Hadiza Arkilla:
Kai Oga wannan magana ce. To ga aikin DS18B20 ya fito. Nasiru ka matse ta jikin gangar famfon kusa da inda sil yake, can zafin ruwan rijiya ne kawai, da wuya ya wuce talatin da wani abu in ruwa na gudu. In ta haura 50 ko 55 ruwa ya yanke, a kashe. Razisto 4.7k tsakanin wayar bayani da wuta, ƙafa ɗaya ta Nano ta ishe ta. Ka rufe ta da ɗan ƙyalle ko roba kar rana ta buge ta kai tsaye ta ruɗe ka. Ka kuma auna da mita ka tabbata bakin ƙarfenta bai haɗu da wayar as ɗinta ba, saboda dokar Injiniya.

Murtala Mabera:
To a ƙara tawa a baƙin mai su zama uku mana, A0 na nan zaune ba aikin komai

Injiniya Bello:
Ya fara da biyun su yi aiki tukuna Murtala. In zai ƙara, mai ƙafa biyu, ba mai ƙafa ɗaya da ke bi ta jikin injin ba.

Nasiru Wurno:
Saura wuta. Injin ga na igiya na, bai da batir bai da caji. Fawa bank za ta yi?

Hadiza Arkilla:
Da yawansu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, Nano kuwa wajen miliam 20 yake ci, sai ka dawo ka tarar ta yi barci. Batir 18650 guda biyu a jere zuwa ƙafar VIN ta Nano ya fi, ko ƙaramin batir mai bolt 12 da abin rage wuta. Ka sa fitila ɗaya mai ƙiftawa don a san abin yana raye. In waya ta tsinke laburaren, wato kod ɗin da ke karanta modul, yana dawo da NAN, ma'ana ba lamba, ka sa jiniya ta yi wani kuka daban, kar kod ya ɗauke shi kamar sifili.

Oga Sani Buzaye:
Kuma akwatin kada a ɗaure shi ga firam, jijjiga na zazzage duk wayoyin ga naku masu tsinke cikin yini guda. A kahe turke gehe ƙarƙashin rumhwa a rataye shi, ba ɓangaren salansa ba. Batir ɗin ga bai son rana. In kayan sun iso ka azo injin bisa agwagwa da buje ka kawo Buzaye da sahe in ɗaura maka zoben, ina son in ga lambag ga da idona.

Nasiru Wurno:
In sha Allahu Kawu. Wa as san mai kawo MAX6675 da zobe nan cikin gari, ko sai an aika Kano?

Abdul Gidan Dare:
Modul ana samu wurin masu kayan ɗalibai, zoben ne ban taɓa gani ba, kullum mai ƙusa M6 suke haɗawa da shi. Ni zan yi odar mai sanda satin nan, in kana so mu haɗa kuɗin mota.

Ɗan Illela:
A sa man mai 10 ko 12 guda, bari in kwance fulogin kabu-kabuna in auna tukuna